Makokin da Aka Sace wa Saloma

Ranar da Ɗantani ya fara kawo mutumin, Saloma tana zaune gindin mangwaron tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube. Idanunta sun daɗe da rufewa. Ciwon nan na bakin rafi da ya makantar da tsofaffi da yawa a ƙasar Zuru shi ya cinye su sannu a hankali, har ta koma ba ta bambance komai sai rana da inuwa. Mijinta ya rasu tun kafin yaƙin basasa, 'yarta Beatrice tana aure a Kaduna, ɗanta namiji tilo, Kefas, ya shiga soja da yaƙi ya ɓarke. Yaƙi ya ƙare, waɗansu samarin garin sun dawo da ƙafafunsu, waɗansu an kawo akwatunan kayansu, shi kuwa shiru.

Abin da ba ta sani ba shi ne, an kawo nasa akwatin. Wani kofur mai suna Ladan ne ya zo da shi, ya tarar da Ɗantani, ƙanen mijinta, a ƙofar gida, ya faɗa masa Kefas ya rasu. Ɗantani ya tura akwatin ƙarƙashin gadonsa, ya ce da matarsa Rifkatu, "Kada a hwaɗa mata yanzu. Tana fama da ido, in ta ji zuciyarta bugawa za ta yi." Wataƙila a ranar tausayi ne. Amma shekara ta juyo, wata ta biyo, awakin Saloma suna ta haihuwa, rumbunta na cika da dawar gonarta ta ƙauyen Manga, Ɗantani yana kallo daga sashensa.

"Yaya, gyara zama, ga baƙo daga bariki," in ji Ɗantani.

"Wace bariki?"

"Barikin su Kefas."

Ƙwaryar gyaɗar ta kife. Saloma ta miƙa hannu biyu cikin iska, baƙon ya durƙusa gabanta. Ta shafa kafaɗarsa, ta bi maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya, ta gangara har kan takalman. Kaki ne, babu shakka. Sunan mutumin Muntaka, ɗan dako ne a tashar mota, bai taɓa riƙe bindiga ba. Rigar da takalman daga cikin akwatin Kefas Ɗantani ya ciro su da safen nan.

"Kana ƙamshin kafur, ɗana."

"Haka muke ajiyar kaya a soja, Mama. Ni ne Saja. Kefas yana gaishe ki."

"Yana da rai?"

"Da ransa da lafiyatai. Sai dai yana tsare can kudu. Bindigarsa ta hwaɗa ruwa lokacin yaƙi, hukuma ta ce ba a sakinsa sai an biya. Ba a barinsa rubutu. Ya ce in tambaye ki, ko har yanzu kina ɓoye mishi ƙanzon tuwo bayan randa?"

Saloma ta kama bakinta. Wannan magana ba wanda ya san ta sai 'yan gida. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ɗaga hannu sama tana kiran sunan Ubangiji. Da ta sami bakin magana ta juya inda take jin numfashin ƙanen mijinta.

"Ɗantani, kwance awakin nan duka ka kai kasuwa. Mi zan yi da akuya ɗana na tsare?"

"Yaya, ki dai yi tunani."

"Na gama tunani. Kwance su."

Haka abin ya fara.

Bayan awaki, keken marigayi ya tafi, don hafsan da ya karɓi kuɗin farko an yi masa canjin wurin aiki, sabon kuma bai san da maganar ba. Bayan keke aka fasa rumbu, don Kefas ya kwanta ciwo a tsare, magani sai an saya. Duk zuwan Saja da sabon labari, kuma kowane labari yana ƙarewa da an kusa. Saloma takan sa a toya mata ƙuli-ƙuli ta ƙulle a tsumma ta damƙa masa, ta ce ya kai wa Kefas, ya ce masa ya riƙa rufe ƙirji da sanyi. Muntaka yakan cire kakin a sashen Ɗantani, ya karɓi ɗan abin da aka ba shi, ya koma tasha ya sha gari da ƙuli-ƙulin.

A Kirsimetin shekarar, Saloma ta sa aka ja ta zuwa majami'a, ta tashi gaban zumuntar mata ta ba da shaida cewa ɗanta yana raye. Ta yi rawa da sandarta. Waɗansu matan sun yi guɗa da zuciya ɗaya. Waɗansu sun sunkuyar da kai, domin Rifkatu ta riga ta tsegunta wa ƙanwarta, ƙanwar ta tsegunta wa maƙwabciyarta, rabin unguwa ya san abin da ke ƙarƙashin gadon Ɗantani. Ba wadda ta buɗe baki. Kowa cewa yake, ba da bakina za a kashe tsohuwa ba.

Da aka zo kan gonar Manga, ita kanta Rifkatu ta ɗan ja baya.

"Mai gida, abin nan bai yi yawa ba? Gona fa?"

Ɗantani yana tsaye yana duba sabon kwanon da aka buga wa ɗakinsa. "Makauniya mi za ta yi da gona? Gonar wa ce? Ta yayana ce. In babu Kefas, a al'ada wa ke gadonta? Ni. Abina nike ɗauka, da izninta ma. Kuma dubi yadda ta yi ƙiba tun da Saja ya fara zuwa. Da can kwana take kuka. Mu muka raya ta."

Rifkatu ta ce, "Gaskiya ne kuma. Wa ke ɗebo mata ruwa? Wa ke kai ta bayan gida? Ɗiyarta na can birni tana shan iska."

Aka sayar da gona. Ɗantani ya kafa injin niƙa a bakin hanya.

Shekarar da aka sauya kuɗi zuwa naira, ruwan sama ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba. Hatsi ya yi tsada, baƙi daga arewa suka riƙa gangarowa da jakuna da yara suna neman abinci. A wannan shekarar ce Saja ya zo da labari mafi daɗi: an yarda a saki Kefas, saura kuɗin kammala takardu da na jirgin ƙasa. Ba abin da ya rage sai gidan. Wani ɗan kasuwa mai suna Boniface, da ya dawo Zuru bayan yaƙi yana neman inda zai sake kafa kanti, ya nuna yana son sashen gaba. Aka tara shaidu gaban mai unguwa, aka kawo Saloma.

"Saloma, da yardarki za a sayar?" in ji mai unguwa.

"Da yardata, ranka ya daɗe. In Kefas ya zo zai gina wani."

Mai unguwa ya dubi Ɗantani, Ɗantani ya dubi ƙasa, aka shafa addu'a, ciniki ya faɗa.

Aka kwashe tabarmarta da tukunyarta aka mayar da ita bukkar baya, inda da awakinta ke kwana. Warin fitsarinsu bai gama barin ƙasar ba. Rufin ya zube ta gefe ɗaya. Da farko Rifkatu tana kai mata tuwo safe da yamma, daga baya ya koma sau ɗaya, daga baya sai an tuna. In an manta, Saloma ba ta kira. Takan ce wa kanta, Kefas abin da yake ci can bai kai wannan ba. Ƙibar da Ɗantani ke taƙama da ita ta zube, zane ya riƙa zagaye ta sau biyu, tari ya kama ta. Da hantsi takan lalubo katanga ta fito bakin hanya ta zauna, duk motar da ta tsaya sai ta ɗaga kai.

A nan Obiageli, matar Boniface, ta fara lura da ita. Mace ce mai jiki, ba ta da yawan magana, Hausarta ta kasuwa ce amma tana isar da saƙo. Ta fara da miƙa mata ruwa, daga baya shayi da burodi, daga baya ta riƙa zuba mata abinci daga tukunyarsu.

"Mama, wa kike jira kullum?"

"Ɗana. Soja ne. Yana hanya."

Obiageli ta ɗauki kwanonta ta koma kanti. A lokacin yaƙi ta ga iyaye da yawa masu jira.

Wata ranar kasuwa tana jera sabulu a kanta sai ta ga mutum cikin kaki ya fito daga sashen Ɗantani ya nufi bukkar baya, yana taku irin na soja. Ta ƙura masa ido. Wannan wuyan ta san shi, ya sha ɗauko mata kwalaye daga tasha. Ta jira har ya fito, ta tare shi a lungu.

"Muntaka, yaushe ka shiga soja?"

Ya daskare. "Madam, rufa mini asiri. Neman abinci ne."

"Ina ɗan tsohuwa?"

"Wallahi ban taɓa ganinai ba. Abin da anka ce in hwaɗa nike hwaɗi."

"Ba ka jin tsoron Allah?"

"Ina ji, Madam. Amma in ban yi ba wani za a sa. Kuma ita tana jin daɗi in na zo. Har albarka take sa mini."

Obiageli ta shiga wurin Rifkatu, ta same ta tana tankaɗe. Ba ta iya kwana-kwana ba, ta faɗi abin da ta gani kai tsaye. Rifkatu ta ajiye rariya ta miƙe.

"Ke baƙuwa ce a garin nan. Jiya-jiya kunka dawo, anka karɓe ku hannu biyu. Ki sayar da sabulunki. In magana ta tashi, kantin da kike tsaye ciki shi za a fara tambaya."

Da Obiageli ta gaya wa mijinta, shi ma abin da ya ce ke nan. Sun sayi wurin gaban shaidu, ba su san komai ba, sun rasa duk abin da suka mallaka sau ɗaya, ba za su iya na biyu ba. Obiageli ta haɗiye maganar, ta ƙara yawan abincin da take zuba wa tsohuwar, tana ganin kamar hakan zai wadatar.

Bai wadatar ba. Wata safiya ba ta ga Saloma a bakin hanya ba. Ta zagaya baya, ta same ta kwance a ƙofar bukka, jikinta zafi kamar garwashi, leɓɓanta sun tsattsage, tulun ruwanta a bushe. Ƙarar injin niƙan Ɗantani na tashi, Rifkatu ta tafi biki garin Danko tun shekaranjiya. Obiageli ta cicciɓe ta, ba nauyi ko kaɗan, ta kai ta ɗakinta ta yi mata wanka. Ba ta shawarci kowa ba, ta tafi tasha ta sami direban da ke zuwa Kaduna, ta kwatanta masa unguwar da Saloma ta ce 'yarta take, ta ce, "Ka ce mata ta zo ta ga uwarta da idonta. Kada ta aiko, ta zo."

Beatrice ta iso da goyo a bayanta. Duk tsawon shekarun nan saƙon da take samu daga Ɗantani ɗaya ne: Mama lafiya lau, ba labarin Kefas, kada ta wahalar da kanta da doguwar hanya. Ta tsaya gaban kanti tana neman ƙofar gidan da aka haife ta. Obiageli ta ja ta ciki, ta nuna mata uwarta, sannan ta gaya mata komai.

Beatrice ta sami Ɗantani a wurin injin, gari ya yi masa fari a gira.

"Baba, ina Kefas?"

"Ke ba ki iya gaisuwa ba?"

"Ina wuni, Baba. Ina Kefas?"

Ya kashe injin. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Kefas ya rasu tun ana yaƙi. Na ɓoye don uwarki. Da na hwaɗa da yanzu ta yi shekaru a ƙasa."

"Gonar fa? Gidan fa? Su ma don ita ka sayar?"

"Ke da kinka yi aure kinka tahi, sau nawa kinka zo? Ni ke ɗauke da ita. Ɗiya mace ba ta da baki a gadon gidanmu. Ki shiga ki sha ruwa, gobe ki koma gidan mijinki."

Ba ta shiga ba. Daga nan ofishin 'yan sanda ta wuce. Kafin la'asar an kamo Muntaka a tasha da buhu a ka, tun a hanya ya fara ba da labari. Aka ciro akwatin daga ƙarƙashin gado, aka tafi da Ɗantani. Aka aika Ribah, inda Kofur Ladan ya koma noma bayan ya bar soja, aka ce ya zo ya ba da shaida.

Abin da ya fi wa Beatrice wuya ba 'yan sanda ba ne, uwarta ce. Ta durƙusa gabanta ta kama hannunta ta faɗa mata gaskiya a hankali. Saloma ta fizge hannun.

"Kin zo daga birni ki kashe mini ɗa da baki? Saja ya gan shi. Ya san maganar ƙanzo."

"Mama, Baba Ɗantani ma ya san maganar ƙanzo."

"Tashi ki ba ni wuri."

Da aka ba da belin Ɗantani, bai zo shi kaɗai ba, ya zo da dattawan dangi, irin waɗanda ba a taɓa jin sallamarsu a bukkar baya ba. Suka zauna kan benci a kantin Boniface, inda Saloma ke jinya. Babbansu ya yi gyaran murya ya ce abin da ya faru bai yi daɗi ba, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba a taɓa jin dangi sun kai dangi gaban alƙali a gidansu ba. In an ɗaure Ɗantani, wa zai aurar da 'ya'yansa, wa kuma zai haƙa wa Saloma kabari ranar da tata ta zo? Ɗantani ya matso kusa da Saloma, ya sassauta murya.

"Yaya, wa ya ga gawa? Sojoji nawa anka ce sun mutu sunka dawo? In kin tashi a kotu kin ce ƙarya ne, to ke kinka rufe shi da bakinki. Ki ce kyauta kinka ba ni, a tashi."

Saloma ta juya musu baya. Ranar ba ta ci abinci ba.

Kotun ta cika har tagogi. Alƙalin dattijo ne, mutumin wajen Gwandu, ba ya ɗaga murya. Da ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya gama karanta tuhumar zamba da ta yin sojan gona, alƙali ya sa aka zaunar da Saloma kan kujera, ya yi mata bayani da kansa.

"Inna, ki saurare ni. Wanda ya ba da abinsa don ra'in kansa, ba ruwan doka. Amma wanda anka shirya wa ƙarya, ƙaryar ta sa ya miƙa abin da ba zai miƙa ba in da ya san gaskiya, wannan an zambace shi, ko da ya ce na yarda gaban shaidu ɗari. Abin da nike son ji daga bakinki ɗaya ne: don mi kinka ba da? Kada ki amsa yanzu. Ki ji shaidu tukuna."

Kofur Ladan ya tashi, dogo, yana ɗingishi. Ya ce shi da Kefas rami ɗaya suke kwana. Ya ce harsashi ya same shi a ciki a bakin wani kogi can kudu, bai daɗe yana shan wahala ba, shi da wasu mutum biyu suka rufe shi ƙarƙashin wata bishiyar kwakwa. Ya ce da hannunsa ya damƙa wa wancan mutumin akwatin, ya nuna Ɗantani, ya kuma roƙi a kai shi ya yi wa uwar gaisuwa, aka ce ba ta da lafiya.

"Ban san muryar wanga ba," in ji Saloma. "Ni Saja na sani. A kira mini Saja."

Alƙali ya yi nuni, aka matso da Muntaka gabanta, cikin tsohuwar rigarsa ta dako. Ta miƙa hannu ta shafa kafaɗarsa, yatsunta suka faɗa cikin yagar rigar.

"Saja, kai ne?"

"Ni ne, Mama. Amma ni ba saja ba ne. Sunana Muntaka. Kaya nike ɗauka a tasha."

"Ka taɓa ganin Kefas?"

"Ban taɓa ba."

"Ƙuli-ƙulin da nike ba ka?"

"Ni nike ci, Mama."

"Kakin da na shafa fa? Na ji maɓallan da hannuna."

Muntaka ya fashe da kuka kamar yaro. "Nasa ne, Mama. Daga akwatinsa anka ciro anka sa mini."

Saloma ta janye hannunta a hankali ta ɗora kan cinya. Mai gabatar da ƙara ya buɗe baki, alƙali ya ɗaga masa yatsa. Da ta yi magana muryarta ba ta rawa.

"Ranka ya daɗe, ka ce in hwaɗa don mi na ba da. Na ba da don an ce ɗana na tsare. Da na san gaskiya ko kaza ba ni bayarwa. Rubuta haka. Amma akwai abin da ban ji an karanta cikin takardar ba. Lokacin da anka kawo akwatunan 'ya'yan mutane, uwayensu sun zauna, mun je mun taya su kuka, an yi addu'a, an tashi. Ni nawa na ƙarƙashin gadon ƙanen ubansa, ina rawa a majami'a mutane na kallona. Wannan wa zai biya ni?"

Alƙali ya cire tabarau ya riƙe. "Inna, doka ta san an cuce ki a dukiya, ta san an cuce ki a zuciya. Tana iya hukunta wanda ya yi. Mayar miki da shekarun nan kam, ba ta iyawa."

Ya same su su biyun da laifi. Ya yanke musu hukunci iri ɗaya, tara ko zaman kurkuku. Maganar gona da gida kuwa, tun da sun shiga hannun waɗanda suka saya ba da sanin zambar ba, ya ce sai an shigar da wata ƙara daban an bi ta a hankali.

Tun kafin magatakarda ya tattara takardunsa dattawan dangi suka koma gefe suka haɗa kai, kowa ya zura hannu aljihu. Mutanen da a shekarar fari ba wanda ya aika wa Saloma ko mudun dawa, a tsaye suka cika tarar Ɗantani, don kada a ce ɗan gidansu ya kwana a kurkuku. Muntaka ya waiga dama da hagu, ba wanda ya san shi. Gandiroba ya tasa shi gaba.

Ɗantani ya hau bayan babur ɗin wani ya riga su isa gida. Saloma da Beatrice a ƙasa suka tako, uwar riƙe da sanda, 'yar ɗauke da akwatin a ka da goyo a baya. Da suka iso, an riga an shimfiɗa tabarmi a sashen Ɗantani, an ɗora tukunya, mutane na shiga suna fita.

"Barka da arziki! Allah ya kiyaye gaba!"

"Sharrin ɗiyar zamani ne, ka yi haƙuri."

Beatrice ta shimfiɗa tabarma ɗaya a ƙofar bukkar baya, ta ajiye akwatin, ta zaunar da uwarta kusa da shi, kamar yadda ake yi in an yi rasuwa. Suka jira masu gaisuwa. Hanyar shiga gidan ɗaya ce, duk mai zuwa sai ya gan su. Waɗansu suka kau da kai. Wata ta ce da ta kusa da ita, wa ke zaman makokin wanda ya mutu tun ana yaƙi? Wata ta ce, ai wadda ta kai ƙanen mijinta kotu ta riga ta zaɓi danginta.

Rana ta karkata sannan aka ji an rufe ƙofar kanti tun lokacin tashi bai yi ba. Obiageli ta zagayo, ta ɗaura baƙin ɗankwali. Ta cire takalmanta, ta zauna a ƙasa, ta jingina kafaɗarta da ta tsohuwar.

"Sannu, Mama. Ya haƙuri?"

Saloma ta juyo da fuskarta. Tun da Kefas ya mutu har yau, wannan ce gaisuwar farko da aka yi mata a kansa.

"Nawa ɗan ma da yaƙi ya ci, ban ga kabarinsa ba," in ji Obiageli. "Yi kuka, Mama. Ina nan."

Sai kukan ya zo. Ba irin na tsofaffi ba ne mai sanyi, kuka ne daga ƙasan ciki, da harshensu na gida, tana kiran sunansa, tana kiran na ubansa, tana dukan murfin akwatin da tafin hannu. Beatrice ta kama, jaririn bayanta ya kama. Kukan ya haye katanga ya faɗa tsakiyar masu barka, hira ta tsaya, wani ya ajiye loma.

Can sai ga Rifkatu ta leƙo ta kan katangar, da ludayi a hannu.

"Beatrice, ki ce ma Yaya ta rage murya mana. Muna da baƙi."